Majigi a Aji: Daga Kujerar Baya Ake Fara Awo

Malamin da ke shirya darasi a kwamfuta yana kallon aikinsa ne daga tazarar rabin mita, a inuwa, shi kaɗai. Ɗalibin layin ƙarshe kuwa daga mita takwas zai hango shi, ta tsakanin kawunan 'yan'uwansa, ga hasken rana na shigowa ta taga. Yawancin matsalolin koyarwa da majigi daga wannan bambancin suke tasowa. Abin da ya fito tar a gaban malami sai ya koma dishi-dishi a baya, yaro kuma ba kasafai yake ɗaga hannu ya ce ba ya gani ba. Shiru zai yi, ya leƙa littafin na kusa da shi, ko ya saki darasin gaba ɗaya. Don haka duk wani awo da za a yi, na girman hoto ne, na haske ne, ko na rubutu, da idon wannan yaron ya kamata a yi shi.

Girman hoto da mazaunin na'ura

Masu haɗa kayan kallo a ɗakunan taro suna da wata tsohuwar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Idan rubutu za a karanta, kada nisan mai kallo na ƙarshe ya wuce ninki shida na tsayin hoton. Idan kallo ne kawai, kamar bidiyo, ana iya kaiwa ninki takwas. Idan kuwa abu ne mai ƙananan sassa da sai an ƙura ido, irin taswira ko zanen da'irar lantarki, ninki huɗu ne. A ajin da kujerar ƙarshe take mita 8 daga allo, ana buƙatar hoto mai tsayin kusan santimita 133 don karatu. Majigin da ke fitar da hoto mai tsarin 16:10, wato faɗi 16 ga kowane tsayi 10, zai ba da faɗin mita 2.1 da ɗan ɗoriya a wannan tsayin.

Ninki huɗun nan yana nufin hoto mai tsayin mita 2, kuma ba kowane bango ne zai ɗauke shi ba, domin gindin hoton bai kamata ya sauka ƙasa da kamar santimita 120 daga daɓe ba, in ba haka ba kawunan 'yan gaba za su tare layukan ƙasa. Mafita ita ce a daina nuna taswira gaba ɗayanta a sa ran kowa zai karanta sunayen da ke cikinta. A nuna ta duka sau ɗaya don a san inda ake, sannan a faɗaɗa yankin da ake magana a kansa ya cika allon.

Nisan da za a ajiye na'urar yana cikin littafinta. Akwai wata lamba da ke nuna nisa in an kwatanta da faɗin hoto. Idan lambar 1.5 ce, a ninka faɗin da ake so da ita: mita 2.1 sau 1.5, na'ura za ta zauna kamar mita 3.2 daga allo. Akwai masu gajeren zango, wato masu lamba 0.5 ko ƙasa da haka, waɗanda ke cika wannan allon daga mita ɗaya kacal. A ganina su suka fi dacewa da aji, saboda malami zai tsaya kusa da allo ba tare da inuwarsa ta rufe rabin hoton ba, hasken kuma ba ya dukan idonsa duk lokacin da ya juyo ga ɗalibai. Illarsu ɗaya: suna fallasa duk wani tudu da kwari na bango. Ƙyallen da iska ke kaɗawa ko bangon da shafensa bai miƙe ba zai sa layukan rubutu su yi ta karkacewa.

Idan aka ɗora majigi a kan tebur aka ɗaga gabansa sama, hoton zai fito sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Akwai maɓallin gyara wannan, galibi an rubuta Keystone a kansa, amma gyaran nasa ba kyauta ba ne. Matse hoton yake yi ta hanyar watsar da wasu ɗigogin haske, sai ƙananan haruffa su yi kaushi. Gara a fara da ɗaga teburin ko a gyara zaman na'urar har ta fuskanci allo sosai, a bar maɓallin don ɗan abin da ya rage. Farin allo mai sheƙi da ake rubutu a kansa da alƙalamin maka ma yana da tasa matsalar: yakan mayar da hasken wuri guda, sai waɗanda ke zaune daidai wannan kusurwar su ga wani farin tabo mai kashe ido a tsakiyar hoton. Bango mai farin fenti marar sheƙi ya fi shi.

Haske

Abu guda da ya kamata kowane malami ya sani shi ne majigi ba ya haska baƙi. Baƙin da ake gani a hoto, allon ne kawai a wurin da na'urar ba ta jefa haske ba. Idan ɗakin da haske, wannan baƙin ya zama toka-toka, rubutu kuma ya dusashe.

A duba lissafin. Majigi mai lumen 3,000 (lumen shi ne ma'aunin hasken da na'ura ke fitarwa) a kan hoton da muka auna, wanda faɗin filinsa bai kai murabba'in mita 3 ba, yana zuba haske kimanin lakis 1,050 a kan allo (lakis shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan fili). Idan hasken ɗaki da ke sauka a allon ya kai lakis 300, farin hoton bai fi baƙinsa haske da ninki huɗu da rabi ba. A rufe tagar da ke kusa da allo, a kashe ƙwan layin gaba, hasken ya sauko zuwa lakis 50, sai bambancin ya haura ninki ashirin. Kafin a sami wannan sakamakon ta hanyar ƙarfin na'ura, sai an nemo wadda ta ninka ta farko haske sau shida. Labule ɗaya mai kauri a tagar da ta dace ya yi wannan aikin.

Amma kada a mayar da aji duhu ɗungurungum. Ɗalibai suna buƙatar ganin littafinsu, malami yana buƙatar ganin fuskokinsu, duhu kuma yana kawo gyangyaɗi. Gaban aji ake dusashewa, a bar baya da haskensa. Wannan ne ma ya sa baƙin rubutu a kan fari ko ruwan madara ya fi aminci a ajin da ke da haske, fiye da farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi mai duhu. A kuma tuna cewa in an ninka faɗin hoto sau biyu, haskensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, domin fili ya ninku sau huɗu. Girma ba ya zuwa a banza.

Wanda aka ɗora wa alhakin sayen na'ura ya lura da abu biyu. Na farko, ya nemi adadin lumen da aka auna bisa ma'aunin ANSI ko ISO, hukumomin da ke tsara ma'aunai. Ƙananan majigai masu araha sukan buga manyan lambobi a kwali waɗanda ba a kan wannan ma'aunin suke ba, a kunna su da rana a ga ba su kai ko'ina ba. Aji na yau da kullum yana son 3,000 zuwa 4,000. Na biyu, ya duba ainihin yawan ɗigogin da na'urar ke fitarwa, ba wanda aka ce tana iya karɓa ba. Mai 1280 sau 800 ta wadatar da rubutu da zane. Mai 800 sau 600 tana wahalar da ƙananan haruffa.

Abin da za a sa a shafi

Shafin PowerPoint na yau da kullum tsayinsa maki 540 ne a ma'aunin girman haruffa. Rubutu mai lamba 24, in aka haska shi a hoton santimita 133, babban harafinsa zai kai kamar santimita 4. Ƙa'idar da masu zana alamomi ke bi ita ce harafi ya sami santimita ɗaya a kan kowace mita biyu ta nisa, ke nan santimita 4 ɗin nan su ne iyakar ƙanƙantar da mai zama a mita 8 zai karanta ba da wahala ba. Lamba 24 ita ce ƙasa, 28 zuwa 32 sun fi. Shafin littafi da aka ɗauka a hoto aka manna, mai rubutu daidai da lamba 12, rabin ajin na gaba kaɗai yake yi wa amfani. Gwaji mafi sauƙi tun a gida: ka ja da baya daga fuskar kwamfutarka ninki shida na tsayinta, wato mita ɗaya da ɗan kai ga yawancin kwamfutocin cinya. Abin da ka kasa karantawa daga nan, ɗalibin baya ma ba zai karanta ba.

Launuka sukan canza tsakanin kwamfuta da bango. Rawaya a kan fari ɓacewa take yi, ja a kan shuɗi yana gajiyar da ido, siraran layuka kuma narkewa suke yi. Kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abu biyu, domin akwai ɗaliban da idonsu ba ya raba waɗannan launukan, mafi yawansu maza, wasu ma ba su san suna da wannan lalurar ba. A haɗa launi da wata alama: wannan layin mai ɗigo-ɗigo, wancan miƙaƙƙe, kowanne da sunansa a jikinsa.

Maganar suna a jiki tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. John Sweller na Ostireliya da abokan aikinsa, tun daga ƙarshen shekarun 1980, sun nuna yadda hankalin mai koyo ke rabuwa idan zane yana wuri ɗaya bayaninsa yana wani wurin. Zanen zuciya mai lambobi 1 zuwa 8, da jerin sunaye can a gefe, yana sa ido ya yi ta kai da kawowa, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga fahimtar yadda jini ke zagawa ya ƙare wajen neman wace lamba ce wane suna. A rubuta kowane suna dab da sashensa, da ɗan gajeren layi mai nuni.

Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan koyo da hoto da magana, kuma biyu daga cikin abubuwan da ya gano sun shafi kowane malami mai majigi. Na farko, ƙawar da ba ta da alaƙa da darasi, irin hoton ado a kusurwa, da kiɗa, da haruffa masu shigowa suna juyi, tana rage koyo, ba ta ƙara shi. Na biyu, idan akwai zane a allo malami kuma yana bayani da baki, ƙara cikakken rubutun abin da yake faɗa yana raba idon ɗalibi tsakanin zanen da rubutun. Ɗalibi yana karatu da saurinsa, malami yana magana da nasa, ba sa haɗuwa. Hoto a allo, bayani a bakin malami, rubutu kuma ya tsaya ga muhimman kalmomi. Akwai togaciya: ɗaliban da ke da matsalar ji, da masu koyo cikin harshen da bai zauna musu ba tukuna, suna amfana da ganin sababbin kalmomi a rubuce. Ko a nan ɗin ma kalmomin ake so, ba sakin layi ba.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne majigi yana daidaita girman komai. Ƙwayar halitta da aka gani ta madubin likita, da giwa, da duniyar wata, duk faɗin allo ɗaya suke cikawa. Babba ya san bambancin, yaro ɗan aji uku bai sani ba. Duk hoton da girmansa ba sananne ba ne, a sa masa ma'auni a jiki, ko a ajiye wani abu da yara suka sani a gefensa, hannun mutum ko fensir.

A nan zan ɗan ratse. Akwai wata dala da ke yawo a tarurrukan horar da malamai, wadda ke cewa mutum yana tuna kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, kashi 30 na abin da ya gani, har zuwa sama. Ana jingina ta ga Edgar Dale, wani masanin koyarwa na Amurka, amma zanen da Dale ya fitar a 1946 ba shi da ko lamba ɗaya. Daga baya aka liƙa masa su, kuma babu binciken da ya tsaya musu. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka haska abu a bango kaɗai ya isa ya ninka fahimta. Hoto yana aiki ne idan ya nuna abin da alli da baki ba za su iya nunawa ba: motsi, launi na gaske, abu mai ƙanƙanta ko nisa ko haɗari, sauyin da ke ɗaukar watanni an taƙaita shi cikin daƙiƙa talatin.

Lokacin darasi

Babban haɗarin majigi gudu ne. Malamin da ke rubutu da alli, hannunsa ne ke masa birki. Kafin ya gama zana abu ɗalibai sun bi shi layi bayan layi. Da rimot a hannu kuwa, shafin da ya ci awa guda wajen shiryawa zai wuce cikin daƙiƙa ashirin, malamin yana ganin ya koyar tunda shi ya riga ya san abin da ke ciki. Darasin minti arba'in ba ya bukatar shafi talatin. Shida zuwa goma da aka tsaya a kansu sun fi amfani.

Idan sabon hoto ya fito, ka yi shiru na daƙiƙa biyar zuwa goma. Ido ne ke aiki a lokacin, kunne ba ya tare da kai. Bayan nan ka fara da tambaya maimakon bayani: me kuka gani, ina ruwan ya shiga, wane ɓangare ne ya fi kauri. Mary Budd Rowe, mai bincike a kan koyarwa, ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira amsa kamar daƙiƙa ɗaya kacal, kuma in aka tsawaita jiran zuwa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A gaban hoto wannan jiran ya fi zama dole, domin yaro sai ya nemo abin da idonsa kafin ya nemo kalmar faɗarsa.

Zane mai sassa da yawa a gina shi kaɗan-kaɗan. Zagayen ruwa, alal misali: teku da rana tukuna, sai tururi, sai gajimare, sai ruwan sama, kowanne ya fito lokacin da ake maganarsa. In an zubo shi duka lokaci guda, rabin aji suna kallon ƙarshe kai kana farko. Wajen nuni, ka je jikin allon ka taɓa wurin da sanda ko da hannu, ka tsaya a gefe kana fuskantar aji. Ɗigon jan haske na leza yana rawa, yana da wuyar gani daga baya, kuma ba abin da za a bari a hannun yara ba ne saboda ido.

Da an gama da hoto, a rufe shi. A PowerPoint, danna harafin B yana mayar da allo baƙi, W yana mayar da shi fari, sake dannawa ya dawo da shafin. Rimot ɗin majigi ma yana da maɓallin rufe hoto. Muddin akwai abu mai haske a bango, can idanu za su tafi, ko da kana bayanin wani abu dabam. In ɗalibi ya yi tambaya a kan shafin da ya wuce, rubuta lambar shafin ka danna Enter, zai kai ka can kai tsaye ba sai ka bi ta kan duk na tsakani ba. Sai dai kada a rufe idon majigi da littafi ko takarda don a tare haske. Zafin da ke fita nan yana iya narka roba ko ya babbake takarda.

Kada majigi ya cinye allon rubutu. Abin da aka haska mai wucewa ne, abin da aka rubuta da alli yana nan har ƙarshen darasi, ɗalibin da hankalinsa ya ɗan tafi zai dawo ya same shi. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na allon a buɗe don ma'anoni, da ƙa'idoji, da amsoshin ɗalibai. Lissafi mai matakai kuwa, ni ina ganin da hannu ya kamata a warware shi a gaban yara, su ga inda ake tsayawa a yi tunani, su ga yadda ake duba amsa. Wanda aka riga aka warware aka haska ba ya nuna wannan. In akwai abin kwafa, a faɗa a sarari cewa wannan na kwafa ne, a ba da lokaci, a zagaya a ga alƙaluman baya sun tsaya kafin a wuce.

Bidiyo a yanka shi. Wani bincike na 2014 a kan darussan edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna matsakaicin lokacin da masu kallo ke zama a kan bidiyo bai wuce minti shida ba komai tsawonsa, kuma waɗannan mutane ne da suka shiga karatun don ra'ayin kansu. A aji, minti biyu zuwa huɗu sannan a tsaya. A ba da tambaya kafin a kunna, don kallon ya zama nema. A sauke bidiyon a kwamfuta tun kafin darasi, a kalle shi daga farko har ƙarshe; dogaro da intanet a tsakiyar darasi yana jawo tsaiko da tallace-tallacen da ba a shirya musu ba.

Na'urar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ita ce kyamarar tebur, wadda ake ajiye abu a ƙarƙashinta ya fito a allo nan take. Da ita aji duka zai ga yadda ake riƙe kamfas, yadda ake karanta ma'aunin zafi, jijiyoyin ganye, ko launin ruwan gwaji yana sauyawa. Ana iya ɗora aikin ɗalibi a gyara tare, bayan an nemi yardarsa an kuma rufe sunansa. Takarda mai sheƙi tana mayar da hasken fitilar kyamarar, sai a kashe fitilar ko a karkatar da ita. In kyamarar tana ta neman saiti duk lokacin da hannu ya gifta, a kulle saitin a kan takardar. Tsohon majigin nan da ke haska abin da aka rubuta a kan farar leda ma, inda yake da rai, yana aiki: malami na rubutu yana fuskantar aji, yana rufe ƙasan ledar da takarda yana janyewa a hankali, yana ɗora leda kan leda don gina zane. A kiyaye kawai wajen bugawa, domin ledar da aka yi don firinta mai tawada narkewa take yi a cikin injin hoto ko firintar leza, ta lalata injin.

Idan abu ya ƙi

Allo ya nuna babu sigina: a fara duba ko majigin yana kallon ƙofar da aka soka wayar, ta maɓallin Source ko Input. In wannan daidai ne, a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi Duplicate, wato abin da ke kwamfuta ya fito a bango. Zaɓin Extend yana ba malami damar ganin bayanansa shi kaɗai yayin da ɗalibai ke ganin shafi, kuma ya fi tsare sirri, amma shi ne ke sa wani lokaci a ga bango fayau alhali darasin yana buɗe a kwamfuta. Jawo tagar darasin ake yi zuwa ɗaya fuskar. Kafin a buɗe wasiƙu ko makin jarrabawa, a danna Freeze a rimot don hoton da ke bango ya tsaya yadda yake, a kuma kashe sanarwar saƙonni tun kafin shiga aji.

Hoto ya rine da launi ɗaya: kusan kullum wayar VGA ce, mai ƙusoshi 15. Ja da kore da shuɗi kowanne da ƙusarsa. In shuɗi ya yanke hoto ya koma rawaya, in kore ne ya koma ruwan hoda, in ja ne ya koma shuɗi-shuɗi mai haske. A ɗaure sukurorin kan wayar, a duba ko wata ƙusa ta lanƙwashe. VGA ba ta ɗaukar sauti, sai an ja wata wayar zuwa lasifika. HDMI tana ɗauka, amma takan kai sautin cikin ƙaramar lasifikar majigi wadda ba ta isa aji, sai an koma saitin sauti na kwamfuta an zaɓi inda ake so ya fita. Wayar HDMI da ta wuce mita 10 zuwa 15 takan fara ɗauke hoto tana dawowa. Wayar hannu kuma ba kowacce ce ke fitar da hoto ta ƙofar cajinta ba ko da an sami mahaɗin da ya shiga, a gwada tun kafin ranar. Haruffa masu lanƙwasa da alamomin lissafi sukan rikiɗe idan aka buɗe darasi a kwamfutar da ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Ajiye kwafi a tsarin PDF yana maganin wannan.

Majigi ya mutu da kansa a tsakiyar darasi, wata fitila ja ko ruwan lemo tana ƙiftawa: zafi ne. Ko soson tace ƙura ya toshe, ko an jingina na'urar da bango, ko an tara littattafai a bakin mafitar iska. A bar mata sarari kamar rabin mita ta ɓangaren da iska ke shiga da fita. Soson a ciro shi a kakkaɓe ko a zuƙe ƙurar duk wata a wurin da ke da ƙura, kuma garin alli ma ƙura ne. Gilashin gaba da ƙyalle mai laushi irin na tabarau ake goge shi, bayan ya huce, ba da gefen riga ba. Tabo mai duhu-duhu da bai gushe ba bayan an goge, ƙura ce ta shiga ciki, aikin mai gyara ne. Fararen ɗigogi kamar taurari da ke ƙaruwa a hankali a majigi irin na DLP, mai haɗa hoto da ƙananan madubai, kuwa, ƙananan madubban cikinsa ne suka maƙale, sai an canza wannan ɓangaren.

Ƙwan majigi na gargajiya yakan yi awa 3,000 zuwa 6,000, ya fi haka in ana amfani da tsarin tattalin haske, masu leza ko LED kuma ana ƙiyasta musu kimanin awa 20,000. Ƙwai ba ya jira ya mutu kafin ya gaza. Dusashewa yake yi sannu a hankali, har ya koma kusan rabin haskensa, malamin da ke ganinsa kullum bai lura ba. Na'urar tana ƙirga awoyin a cikin saitinta, a riƙa dubawa kowane zangon karatu. Yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, don haka in hutun minti goma ne a rufe hoton kawai. In an kashe, a bari fankar ta tsaya da kanta kafin a zare waya daga soket, sai fa in littafin na'urar ya ce an yi ta don kashewa nan take. Inda wuta ke yawan ɗaukewa ko hawa da sauka, ƙaramin UPS, wato na'urar ajiyar wuta, da zai riƙe ta minti biyar ya isa a kashe ta yadda ya kamata. Wajen canza ƙwai, a zare wuta a jira awa guda ya huce, kada yatsa ya taɓa gilashinsa, a mayar da ƙirgen awoyi sifiri bayan an gama. Akwai sinadarin makuri a cikinsa, saboda haka ba a jefa shi cikin shara ta yau da kullum, in kuma ya fashe a aji a fitar da ɗalibai a buɗe tagogi na kamar rabin awa.

Wayoyin da suka ratsa hanya a manne su da daɓe da salatif mai faɗi, ko a bi da su gefen bango. A koya wa yara kada su leƙa cikin idon majigi, wanda aka kira gaban allo kuma ya juya wa hasken baya. Duk darasin da aka gina a kan hoto ya kasance da madadinsa a jaka: hotuna biyu ko uku da darasin ba zai yiwu ba sai da su, a buga su a takarda, kwafi ɗaya ga kowane rukuni na ɗalibai huɗu ko biyar, sauran kuma a san yadda za a zana su da alli. A shiga aji minti goma kafin lokaci, a kunna, a saita hoton a kan shafin da ya fi ƙananan haruffa, sannan a taka zuwa kusurwoyin baya guda biyu a zauna a kujerar ɗalibi a karanta layin ƙarshe na shafin.